ƘIRCIN ƘANANAN YARA: WANE MAI ZA A SHAFA?

Yau maganarmu a kan ƙircin ƙananan yara ce, da irin man da ya kamata uwa ta zaɓa ta riƙa shafa wa ɗanta. Maigida, in kana kusa da rediyo ka kira matan gida su matso, har da kakanni, gama yawancin abin da zan faɗa aikin hannunsu ne.

Kun sani daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu iskar hunturu takan taso mana daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura tun daga hamadar ƙasar Chadi. A wannan lokaci danshin da ke cikin iska yakan ragu ƙwarai, har da rana yakan kasa kashi 20 cikin ɗari. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, babba ma ya ji a jikinsa. To, ina ga jinjiri wanda fatarsa ba ta kai kaurin ta babba ba? Shi ya sa a watannin nan ake yawan kawo mana yara ɗakin shan magani, jiki duk susa, uwa ba ta yi barci ba, ɗa bai yi ba.

MENE NE ƘIRCI?

Ƙirci ciwon fata ne mai ƙaiƙayi, wanda yakan tashi ya lafa, ya kuma sake tashi. Yawanci yakan soma tun yaro bai cika shekara ba. Ga jinjiri yakan fito a kumatu da goshi da bayan hannu da ƙwauri. Idan yaro ya fara tafiya sai ya koma cikin lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwa, da wuya, da wuyan hannu. Fata ta bushe, ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, wani lokaci da ƙananan ƙuraje kamar tsabar gero. A jikin farar fata wurin yakan yi ja. A jikinmu kuwa ba lalle a ga jan ba, sai dai wurin ya ƙara duhu. In an daɗe ana susa, fata ta yi kauri kamar ƙirgi.

Ba a ɗaukar ƙirci daga wani. Yaro mai ƙirci ya kwana tabarma ɗaya da 'yan'uwansa, ya ci kwano ɗaya da su, ba abin da zai same su. Ba ƙazantar uwa ke kawo shi ba, ba kuwa laifin nononta ba ne, saboda haka kada a yaye yaro domin ƙirci. Abin yana bin jini. Sau da yawa in ka bincika sai ka tarar a gidan akwai mai fuka, ko mai yawan atishawa in ƙura ta tashi. A waɗansu ƙasashe yaro ɗaya cikin biyar yana da shi. Labari mai daɗi kuwa shi ne, yara da yawa sukan sami sauƙi ƙwarai yayin da suke girma.

Amma kafin a sayi mai, sai a tabbata ƙircin ne, gama akwai waɗansu cututtuka masu kama da shi waɗanda mai ba ya yi musu kome.

Ta fari ita ce ƙazuwa. In ƙaiƙayi ya fi tsanani da dare, ƙuraje na tsakanin yatsu da hammata da cibiya, ga shi kuma mutum biyu ko uku a gidan suna susa, to, wannan ƙazuwa ce. Wani ɗan ƙwaro ne ke haƙa rami cikin fata, maganinta dabam ne, kuma duk gidan ake yi wa a rana ɗaya.

Na biyu makero, wanda ke yin da'ira a ka yana cinye gashi, da ƙyasbi mai yin dabbare-dabbare a ƙirji da baya. Su ma kowanne da nasa magani.

Na uku shi ya fi haɗari. In yaro ya kumbura ƙafafu, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa tana saɓulewa kamar tsohon fenti, ba ya son abinci, wannan tamowa ce. A kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya neman mai.

Saboda haka karo na fari a kawo yaro malamin asibiti ya duba shi da idonsa.

BANGO DA YAƁE

Domin ku gane amfanin mai, ku dubi katangar gidanku. Magini ya jera tubali, ya cike tsakaninsu da ƙasa, sa'an nan aka yi yaɓe, mai hali ya bi da makuba domin kada ruwa ya ci bango. Haka fatar mutum take. Saman fata ƙananan ɓawo ne jere kamar tubali, tsakaninsu kuwa akwai wani maiƙo wanda jiki ke yi da kansa. Shi ke tsare ruwan jiki kada ya fita, ya kuma hana ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta shiga.

Yaro mai ƙirci an haife shi da ƙarancin wannan yaɓe. Ruwa yana tsere wa fatarsa, ta bushe, ta tsattsage. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙura ta shiga, zufa ta shiga, sai ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, tsagar ta ƙaru, ƙaiƙayi ya ƙaru. Aikin mai shi ne ya zama yaɓen da jiki ya kasa yi. Kuma kamar yadda mai hankali ba ya jiran sai ruwa ya sauko kāna ya yi yaɓe, haka ba a jiran sai ƙirci ya tashi kāna a nemi mai. Kullum ake shafawa, ko fata ta yi sumul.

YADDA ZA A ZAƁA

In kin je sayen mai, uwar ɗa, ki riƙe abu huɗu a ranki.

1. Ya zama mai ne zalla, ba turare, ba launi, ba wani magani da aka cuɗa a ciki.
2. Ya zama mai kauri, wanda zai zauna a fata. Mai ruwa-ruwa iskar hunturu takan shanye shi nan da nan.
3. Ya zama mai tsabta, ba wari, ba tsakuwa, ba a buɗe yake ƙuda na hawa ba.
4. Ya zama wanda maigida zai iya saye a kai a kai, gama da yawa ake bukata.

A kan na huɗun nan bari in ƙara bayani. A Ingila an gwada mai iri huɗu na kanti a jikin yara 550 masu ƙirci, daga mai ruwa-ruwa har zuwa mai kauri, aka bi su mako 16, aka bayyana sakamako a 2022. Ba wanda ya fi wani. Abin da likitocin suka ce shi ne, man da ya fi shi ne wanda uwa da ɗa suka yarda da shi har ana shafa shi kullum. Ƙasarsu ba ta da hunturu irin namu, shi ya sa mu nan muka fi son mai kauri. Amma darasin ɗaya ne: kada kowa ya sayar da akuya domin ɗan ƙaramin kwalba mai tsada. Kwalba mai tsada ana tsimin ta, mai kuwa in ana tsiminsa ba ya aiki.

Akwai kuma wata magana da nake so ku riƙe. Mutane sukan ce, ai wannan daga itace aka samo shi, ba na Bature ba ne, ba zai yi illa ba. Jama'a, barkono ma daga gona yake, amma ba mai sa shi a ido. Fatar da ta tsage ba ta tambayar inda mai ya fito. Kowane mai sai a dube shi da halinsa.

MAN DA ZA A SHAFA

Na fari man kaɗe. Shi ne na gaba a wurinmu, iyayenmu sun san shi tun kaka da kakanni. Daga ƙwallon kaɗanya ake yin sa: a dafa ƙwallo, a shanya, a daka, a soya, a niƙa, a yi ta bugawa da ruwa har mai ya taso. Itacen ya fi yawa can kudu da mu, wajen jihohin Neja da Kwara da Kebbi, daga irin wuraren nan fatake ke kawo shi. Yana da kauri, yana narkewa da ɗumin jiki, yana daɗewa a fata, kuma da wuya ƙwarai a sami yaron da jikinsa ya ƙi shi.

Amma man kaɗe iri-iri ne a kasuwa. In za ki saya, ki ɗebi kaɗan ki murza a tafin hannu. Mai kyau zai narke sarai, ba ya barin gari ko tsakuwa. Ki sansana. Yana da ɗan ƙamshinsa na asali wanda kowa ya sani, amma in kin ji tsami, ko ƙauri mai ƙarfi, ko warin tsohon mai, ki bar shi. In kin ga baƙi-baƙi ko funfuna a jikinsa, ki bar shi. Wanda aka zuba wa turare domin ya ja mai saye, shi ma ki bar shi.

In kin kawo gida ki tace shi. Ki sa shi a kwano mai tsabta, ki ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke. Kada ki ɗora shi kan wuta kai tsaye, zai ƙone. Ki tace da farin ƙyalle wankakke, ki zuba a gwangwani ko kwalba busasshiya mai murfi, ki ajiye a inuwa. In za ki ɗiba ki sa cokali mai tsabta. Kada kowa ya riƙa tsoma yatsa, gama yatsan da ya taɓa ƙurji in ya koma cikin mai ya shuka cuta a ciki. Na yaro dabam, na sauran gida dabam.

Na biyu man kwakwa, wanda aka tatsa ba a ƙona ba, fari mai ƙamshin kwakwa. A ƙasar Filifin an gwada shi a jikin yara 117 masu ƙirci har mako 8, aka buga sakamako a 2014. Waɗanda aka shafa wa man kwakwa sun fi samun sauƙi bisa waɗanda aka shafa wa farin mai na kanti. Yana kuma rage wata ƙwayar cuta da ke yawan zama a fatar mai ƙirci. Aibinsa biyu: ya fi man kaɗe tsada a nan arewa, kuma bai kai shi kauri ba. Ya fi dacewa da bazara da damina. In za a yi amfani da shi da hunturu, sai a yawaita shafawa, ko a bi bayansa da man kaɗe.

Na uku basilin fari, wanda ba turare. Na san wani zai ce, Malam, ai wannan ba na itace ba ne. Gaskiya ne, daga man da ake haƙowa a ƙasa ake tace shi, an kuwa yi rajistarsa a Amurka tun 1872. Na sa shi cikin lissafi domin ya cika sharuɗɗan nan huɗu. Ba kome a cikinsa sai shi kansa, ba ya tsami, ba ya yi wa tsagaggiyar fata zafi, kuma wajen tsare ruwan fata ba wanda ya fi shi. In ba a sami man kaɗe mai kyau ba, basilin fari ya fi man kaɗe gurɓatacce nesa ba kusa ba. Sai dai a duba murfi, gama akwai mai ƙamshi wanda ake yi wa hoton jariri, wannan ba shi muke nufi ba. Da bazara kuma a shafa shi sama-sama, domin in ya yi yawa yakan toshe zufa ya kawo ƙurajen zafi.

MAN DA ZA A BARI

Man gyaɗa. Ga shi a kowane gida, ga araha, matanmu ke yin sa da hannunsu wajen ƙuliƙuli. A miya ba shi da laifi. Amma kada a shafa shi a fatar jinjiri mai ƙirci. Dalili kuwa, in ɗan burbushin gyaɗa ya riƙa shiga jiki ta tsagar fata, jiki yakan ɗauke ta abokiyar gāba. Ran da yaro ya ci gyaɗa sai borin jini, leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe. A birnin Biristol na Ingila an bi yara kusan 14,000, aka bayyana a 2003 cewa waɗanda jikinsu ya ƙi gyaɗa, yawancinsu an shafa musu mai mai haɗe da man gyaɗa suna jarirai. Ku lura da kyau, ban ce a hana yaro kunun gyaɗa ba. Ci ta baki bayan wata shida yana koya wa jiki sabo da ita. Shafawa a fata ce muka hana. In ƙircin yaro mai tsanani ne, a yi shawara da malamin asibiti kafin a fara ba shi.

Man riɗi da man shanu. Dalilinsu ɗaya da na gyaɗa, abinci ne da jikin waɗansu yara kan ƙi. Man shanu kuma yana saurin tsami, yana kiran ƙuda da kiyashi zuwa jikin yaro.

Man zaitun. Mai ne mai daraja, abinci ne mai kyau, ba mai musun wannan. Amma a birnin Shefil na Ingila an sa manya suna ɗiga shi a hannu safe da yamma har mako huɗu ko biyar, aka buga sakamako a 2013. Sai aka tarar ya raunana saman fata, har ga waɗanda ba su da ƙirci. Akwai wani sinadari mai yawa a cikinsa wanda ke sassauta yaɓen nan da muka ambata. Abin da ya yi wa fatar babba haka, kada a mai da shi man shafawar jinjiri mai ƙirci na kullum.

Baƙin alayyadi. Wajen yin sa ana ƙona ƙwara, ƙaurin da ke cikinsa yana iya yi wa fata mai ciwo zafi.

Man darbejiya. Yaro yana tsotsar hannunsa, abin da ke fata yana zuwa ciki. A Indiya da Malesiya an ga jariran da suka yi amai da jijjiga har suka suma bayan an ɗura musu wannan mai. A nisanta shi da jinjiri.

Mantaleta da sauran man zafi, da kafur, da tafarnuwa, da kanumfari, da lemun tsami, da toka, da kanwa. Duk waɗannan ƙona fata suke yi. In yaro ya yi shiru bayan an shafa, zafi ne ya danne ƙaiƙayi na ɗan lokaci, gobe wurin zai fi jiya muni. Haka kuma hoda, busar da fata take ƙara yi.

Sai kuma na ƙarshe, wanda ya fi damunmu a ɗakin shan magani. Akwai man bututu da ake sayarwa a kemis da tashar mota, wanda ake ce yana maganin cuta uku a haɗe. Waɗansu mata sukan matse shi cikin man kaɗe su riƙa shafe jariri da shi kullum, wai jiki ya yi kyau ya yi haske. Ku ji tsoron Allah ku daina. A cikinsa akwai magani mai ƙarfi wanda ba a yi shi domin jarirai ba. Kwana uku na fari za a ga abin mamaki. In aka daɗe kuwa fata ta yi siriri kamar takarda, jijiyoyi su bayyana, makero ya bazu, maganin ya ratsa cikin jini, fuskar yaro ta kumbura, girmansa ya tsaya. Ran da aka daina kuma ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Man bilicin ma haka, ko kusa kada ya taɓa yaro.

GWAJI KAFIN A SHAFE JIKI

Kowane sabon mai, ko da man kaɗe ne daga sabon hannu, a gwada shi tukuna. Ki shafa kaɗan a cikin damtsen yaro inda fata ke lafiya, faɗin kwabo, safe da yamma, kwana biyu. In wurin bai yi ƙuraje ba, bai kumbura ba, yaro bai sosa ba, to, a shafe jiki. In ya yi, a wanke, a bar wannan mai, a gwada wani.

WANKA DA SHAFAWA

Wanka sau ɗaya a rana ya isa. Ruwa ya zama mai ɗumi-ɗumi, wanda in kin sa gwiwar hannunki ba ki ji zafi ba. Iya da Gwaggo, na san kun saba yi wa jariri wanka da ruwa mai zafi domin ya yi ƙwari, kun kuwa reni 'ya'ya da yawa, ba mai raina saninku. Amma wannan jikan fatarsa dabam ce. Ruwan zafi yana narkar da ɗan maiƙon da ya rage masa, kamar yadda yake wanke maiƙo a kwano.

Kada a sa soso, tafin hannu ya isa. Kada a sa sabulun magani, ko mai ƙamshi, ko ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a baho. Sabulun salo ma yana da kaifin toka, ya yi wa wannan fata ƙarfi. In akwai datti a hammata da matsematsi da mazaunai, a sa ɗan sabulu marar ƙamshi a nan kaɗai, a ɗauraye sosai. Kada wanka ya wuce minti 10.

In an fito a dafa jiki da zane mai laushi, kada a goge. Tun fata na da sauran laima, nan take a shafa mai, domin ya rufe ruwan a ciki. Ki wanke hannunki, ki narkar da man a tafinki, ki shafa a hankali daga sama zuwa ƙasa, yadda gashi ya kwanta. Kada ki murza da ƙarfi. A shafe jiki duka, har inda ba ciwo. In kin gama, jiki ya riƙa ɗan sheƙi. Ki riƙe yaro da kyau, gama jiki mai mai yana da santsi.

A shafa aƙalla sau biyu a rana. Da hunturu sau uku ko huɗu. Domin kada a manta, a haɗa shi da abin da aka saba: da hantsi bayan wanka, da azahar, da magariba, da lokacin kwanciya. Likitoci sun ƙiyasta yaron da ƙirci ya kama masa jiki da yawa yana bukatar giram 250 zuwa 500 a mako, watau kamar cikin gwangwanin madara biyu zuwa uku. Jinjiri bai kai haka ba. Maigida, in uwargida ta ce mai ya ƙare, kada ka ce ɓarna take yi. In gwangwani ɗaya ya yi wata uku, to, ba a shafawa yadda ya kamata.

A yanke wa yaro ƙumba kowane mako. A sa masa tufafin auduga a jikin fata. In za a sa rigar sanyi ta ulu ko ta leda, a sa ta bisa ta auduga. A ɗauraye kayansa sau biyu domin garin sabulu ya fita. Kada a turara kayansa, kada kuma a lulluɓe shi har ya yi zufa, gama zufa tana tayar da ƙaiƙayi.

HATTARA DA WUTA

Wannan ku saurara da kunne biyu. Mai yana shiga riga da zanen goyo da abin shimfiɗa, ya bushe a ciki. Tufa irin wannan in ta sami wuta takan kama kamar lagwani. A 2018 hukumar magunguna ta Ingila ta yi gargaɗi cewa wannan haɗari ya shafi kowane irin man shafawa, har wanda ba na fetur ba, kuma wanki yana rage shi amma ba ya kawar da shi duka. Mu kuwa lokacin da muka fi shafa mai, shi ne lokacin da muke kwana da kaskon wuta a ɗaki, yara suna kewaye murhu suna jin ɗumi. Yaron da aka shafe da mai kada ya zauna gab da wuta. Uwa mai goyo ta lura da bakin zanenta wajen girki. A nisanta fitilar kwai da kyandir da maganin sauro na kunnawa daga shimfiɗarsa.

IN CIWO YA TASHI

Ko an yi duk abin da na faɗa, wata rana ƙirci zai tashi. Wannan halinsa ne, ba gazawar uwa ba ce. In ya tashi a ƙara yawan shafa mai. In kwana biyu ko uku sun wuce yaro bai daina susa ba, ba ya barci, a kawo shi. Mai yana gyara bango ne, amma in gobara ta riga ta kama, sai an kashe ta tukuna.

Akwai magani mai sauƙi da ake kira haidirokotizon, mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, wanda likitoci ke amfani da shi a fata tun 1952. Danginsu ɗaya da na cikin man bututun da na hana, amma wannan shi ne mafi sauƙi a dangin, kuma da awo ake ba da shi. A inda ciwo yake kaɗai ake shafa shi, sau ɗaya ko biyu a rana, na 'yan kwanakin da malamin asibiti ya faɗa. Awonsa kuwa, abin da aka matso daga kan yatsa manuni na babba zuwa gaɓar fari ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. A bar kamar rabin sa'a tsakaninsa da mai. Kada a cuɗa shi cikin gwangwanin man kaɗe. In aka bi wannan ƙa'ida ba abin tsoro. In wurin ya warke ya bar fari ko duhu, wannan sawun ciwo ne, zai koma daidai cikin 'yan watanni.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su a gida:

1. Wurin yana tsiyayar ruwa, ko mugunya, ko ya yi ɓawo rawaya kamar busasshiyar zuma.
2. Jikin yaro ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi.
3. Ƙananan ƙuraje masu ruwa sun fito a cunkushe, sun fashe sun bar ramuka iri ɗaya, musamman a fuska ko kusa da ido. Wannan yana iya taɓa ido, yana iya kisa.
4. Fata ta kumbura tana zafi, ko ciwon ya game jiki duka.

In an ga ɗaya daga cikinsu a tafi asibiti mafi kusa a ranar. Babban asibitin Kazaure da na Babura suna nan, in abin ya fi ƙarfinsu su za su tura ku Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda likitocin fata suke. Kada kuma a fasa kai yaro allurar rigakafi domin ƙirci. Kada a hana shi ƙwai ko madara ko kifi bisa jita-jita, gama yaron da aka hana abinci yana iya faɗawa tamowa, ita kuwa ta fi ƙirci sharri.

To, jama'a, ga abin da za ku tafi da shi. A tabbata ƙirci ne. A zaɓi man kaɗe tatacce, ko man kwakwa, ko basilin fari. A bar man gyaɗa da na riɗi da na shanu da na zaitun a wajen abinci. Kada a cuɗa kome cikin man yaro. A shafa da yawa, a shafa kullum, tun fata na da laima. A nisanci wuta. In ciwo ya tashi a zo ɗakin shan magani, a zo kuma da gwangwanin man da duk wani bututu da aka taɓa shafawa, domin mu gani.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa. Allah ya raya mana yaranmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.